Kwamfutar 65C02 da na haɗa a allon gwaji tana rikicewa da zarar ta taɓa RAM

ƊanSamaru:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman taimakon masu ido a kan wannan abu, don ni dai dabara ta ƙare mini.

Na haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta a kan allon gwaji. Abubuwan da ke kai: W65C02S, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, EEPROM 28C256, wato ROM mai riƙe furogiram, daga adireshi 8000 zuwa FFFF (lambobin hex ne), VIA 65C22 mai haɗa kwamfutar da kayan waje a 6000 da ƙananan fitilu takwas a tashar B, sai RAM 62256, ma'ajiyar wucin gadi. Rabon adireshi da 74LS138 nake yi. Layukan adireshi A13, A14 da A15 ne ke shiga cikinsa, daga ƙafafun fitarsa Y0 ya tafi ƙafa ta 20 ta RAM, wato CE mai kunna ta, Y3 ya tafi VIA. ROM kuma na juya A15 da ƙofa ɗaya ta 74HC00. Agogo na 1 MHz ne, ina kuma da na 555 mai tafiya a hankali.

Muddin furogiram bai taɓa RAM ba, lafiya lau, fitilu suna gudu yadda na tsara. Amma da na sa umarnin JSR don in kira ɗan aikin jinkiri, sai abin ya haukace. Wani lokaci ya zagaya sau biyu ko uku sannan ya sandare, wani lokaci tun farko fitilu su kama gaba ɗaya su tsaya. Wutar daga cajar waya nake ba shi. Shin RAM ɗin ce ta mutu?

MaiWaya_Kano:
Wa alaikumus salam. A ina ka sayi RAM ɗin? Wallahi kasuwa cike take da IC da aka kankare bayansu aka sake buga musu lamba. Samu ɗan auduga da ruwan goge farce na mata, ka goga a bayanta. In baƙi ya fito a audugar ko rubutun ya goge, to an yi maka sakiyar da ba ruwa. Mu a wurin gyaran waya kullum muna gani.

ƊanSamaru:
Ba sabuwa ba ce Malam, daga wata tsohuwar firinta na ciro ta a wurin 'yan gwangwan. Tana kan soket ne ma, ban sa mata zafi ba. An rubuta 62256 da -70 a ƙarshe.

MaiWaya_Kano:
To ai wannan ma ya fi muni. Abin da ya kwana a bola, rana ta duka, ruwa ya duka.

BabaRadiyo:
A'a Malam, kada mu yi saurin yanke wa IC hukunci. Tun zamanin rediyo mai bawul nake wannan sana'a, kuma abin da na gani shi ne IC ba ta cika mutuwa haka kawai ba, waya da wuta su ne manyan masu laifi. Wadda aka ciro daga na'urar da ta yi aiki ma na fi yarda da ita a kan sabuwar da ba a san asalinta ba.

Yaro, ɗauki mita ka auna mini wuta, amma ba a bakin caja ba. Ɗora tsinken mita a kan ƙafa ta 28 da ta 14 na RAM ɗin kanta, kwamfutar tana aiki. Sannan ka duba layukan wuta ja da shuɗi na gefen allo, a wasu allunan a yanke suke a tsakiya, sai ka yi musu gada da waya. Ka kuma faɗa mini ko akwai kafasita 'yar ƙarama mai lamba 104 a jikin kowace IC.

ƊanSamaru:
Baba na auna. A bakin caja 5.1V, a kan RAM 4.6V. Kafasita kuwa babba ɗaya ce kawai na sa a inda wuta ke shigowa.

BabaRadiyo:
Ka gani ko. Rabin bolt ya zube a hanya. 62256 tana so a ba ta tsakanin 4.5V da 5.5V, kai kana bakin rami ke nan, kuma mita matsakaici kawai take nuna maka, ba ta ganin faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido lokacin da ƙafafu takwas suka canza tare. Wannan aikin 104 ne, wato 100nF. Sa ɗaya tsakanin wuta da ƙasa a kowace IC, ka gajarta mata ƙafafu ta zauna dab da ita. Kada ka jona wuta daga allo zuwa allo kamar jerin gwano, ja wa kowane allo wayarsa mai kauri daga tushe. Waɗannan wayoyin masu tsinke a baki da ake sayarwa a ƙulle, na gwaji ne kawai, ba na wuta ba.

Gwani_8bit:
Ni ina zargin sitak ne, wato wurin da JSR ke ajiye adireshin komawa a RAM. Ka sa LDX #$FF da TXS a farkon furogiram? In ba ka saita shi ba JSR ba zai yi aiki ba.

Injiniya_Ummi:
@Gwani_8bit saita shi ɗabi'a ce mai kyau, amma ba shi ne ba. A 6502 sitak yana shafi na ɗaya ne dole, 0100 zuwa 01FF, kuma mai nuna wurin bayit ɗaya ne tak. Duk lambar da ya tashi da ita, cikin shafin zai faɗa, in ya kai ƙarshe ya zagayo. JSR ɗaya ba zai dame shi ba.

@ƊanSamaru ƙanena, ka yi abin da Baba ya ce, wajibi ne. Amma akwai tambayar da ba a yi maka ba: ƙafa ta 27 ta RAM, wato WE mai ba ta izinin rubutu, ina ka kai ta? Ƙafa ta 22 fa, wato OE mai ba ta izinin fitar da bayanai?

ƊanSamaru:
Anti, 27 na haɗa ta kai tsaye da RWB, ƙafa ta 34 ta 65C02, mai nuna karatu ake yi ko rubutu. Ta 22 kuma na kai ta ƙasa. Sitak na saita shi tun farko. Na sa kafasitocin kuma na gyara wayoyin wuta, yanzu 4.95V nake gani a kan RAM. Ya ɗan ƙara daɗewa kafin ya rikice, amma yana rikicewa.

Injiniya_Ummi:
Yawwa, nan ne ake yin ta. Ba ka sa PHI2, wato layin agogo, a cikin lissafin rubutu ba.

Kowane bugun agogo kashi biyu ne. Lokacin da PHI2 ke ƙasa, 65C02 yana canza adireshi da RWB, kuma layukan nan goma sha shida ba sa sauyawa a tare daidai wa daida, wani yana riga wani da 'yan nanosakan, balle a allon gwaji da wayoyi masu tsawo daban-daban. Kafin PHI2 ya hau sama adireshi ya riga ya zauna, kuma bayan ya hau ne bayanan da za a rubuta ke fitowa. Ita kuwa RAM ba ta san wani agogo ba. Da ta ga CE da WE duka a ƙasa, rubutu take yi a duk adireshin da ke ƙafafunta a wannan lokacin.

Dalilin da ya sa JSR ya fi tona asirin abin: yana tura bayit biyu a jere, babban rabin adireshin komawa a 01FF, ƙaramin a 01FE. A tsakanin bugun biyun RWB ba ya komawa sama, yana nan a ƙasa. Ke nan WE a buɗe take adireshi yana sauyawa a ƙarƙashinta. Kamar malami ne alƙalaminsa na kan allo bai ɗaga ba, almajiri ya zare allon ya turo wani, dole tawada ta ɓata ɗaya daga ciki. Da RTS, umarnin komawa, ya zo ya ɗauko gurɓataccen adireshi, sai ya yi tsalle inda ba furogiram. In ya faɗa kan 00, wannan umarnin katsewa ne, BRK, zai tafi duk inda FFFE da FFFF suka nuna, kai kuma na tabbata ba ka sa komai a can ba.

ROM ba ta nuna maka wannan matsalar ba saboda karatu kawai ake yi a cikinta. In adireshi ya yi rawa na ɗan lokaci, ba abin da ya lalace.

Gwani_8bit:
To ai da sauƙi. 74138 yana da ƙafar kunnawa, G1 a ƙafa ta 6. Ya cire ta daga 5V ya kai ta PHI2, shi ke nan duk abin da ke bayansa ba zai kunnu ba sai agogo na sama. Waya ɗaya.

Injiniya_Ummi:
RAM za ta warke, VIA ta kwanta. 65C22 tana da tata ƙafar PHI2, kuma tana buƙatar a zaɓe ta tun kafin PHI2 ya hau. In zaɓin ya biyo bayan agogo ta cikin 138, ya makara, fitilunsa ma da ke aiki yanzu za su daina. Mutane da yawa sun faɗa wannan ramin.

Ga abin da za ka yi da ƙofofin 74HC00 da suka rage maka. RWB ya shiga ƙafa ta 4 da ta 5 a haɗe, abin da ya fito a ta 6 shi ne RWB a juye. Kai shi ƙafa ta 9, PHI2 ya shiga ta 10, abin da ya fito a ta 8 ya tafi WE ta RAM. Yanzu WE ba za ta sauka ba sai ana rubutu kuma agogo na sama, tana kuma komawa sama tsakanin kowane rubutu biyu. Sannan cire ƙafa ta 22 daga ƙasa ka kai ta ƙafa ta 6 ɗin nan, don RAM ta rufe bakinta duk lokacin da 65C02 ke magana a layin bayanai. Ƙofar da ta rage, 12 da 13, ɗaure su a ƙasa ko a 5V, kada ka bar su a sake. Na ɗauka ta 1 zuwa 3 ce ka yi wa ROM amfani da ita.

Na_Maradi:
Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan. Malama, tambaya: RAM ɗin 70 nanosakan ce, in aka jira sai PHI2 ya hau, lokacin zai ishe ta?

Injiniya_Ummi:
Wa alaikumus salam Malam. A 1 MHz bugu ɗaya nanosakan 1000 ne, rabinsa 500. Ko ƙofofin sun ci 20 ko 30, saura da yawa. Sai ka fara hawa 8 MHz zuwa sama ne lissafin ke matsewa, a nan kuma allon gwaji ne zai fara ba ka kunya kafin RAM.

MaiWaya_Kano:
Ni fa har yanzu ban gane wahalar nan ba. ESP32 ɗaya, 'yar kwamfutar zamani a IC guda, kuɗinta bai kai na tarkacen nan ba, tana da WiFi, tana da komai a ciki. Me za a yi da IC ta zamanin kakanni?

BabaRadiyo:
Kakannin naka ne ke magana yanzu. 6502 ta fito a 1975 daga MOS Technology, Chuck Peddle da abokan aikinsa suka yi ta, aka sayar da ita dala 25 lokacin da takwarorinta ke fin dala ɗari. Ita ce a Apple II, 'yar'uwarta ce a Commodore 64, kuma gem ɗin kaset da kuka yi ta rububi kuna yara, jininta ne a ciki. Amma ba tarihi ne dalilin ba. A cikin ESP32 wannan rigimar ta WE da agogo an gama ta an rufe da baƙin roba, ba za ka taɓa ganinta ba. Yaron nan yau ya ga abin da ake karanta musu a aji da idonsa. Kai da kake canza IC a waya, in aka ce maka me ya sa ta ƙi aiki, ban da "ta mutu" me za ka ce?

MaiWaya_Kano:
Tuba nake Baba, a yi haƙuri. Amma dai abinci a gyaran waya yake.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a koma kan matsalar ɗan'uwa. Mai son muhawarar ESP32 ya buɗe tasa daban.

ƊanSamaru:
Alhamdulillahi! Anti Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na yi haɗin yadda kika ce, JSR da RTS suna tafiya, na bar shi yana gudu har na je masallaci na dawo bai tsaya ba.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Na ƙara ƙidaya da nake ajiyewa a 00FE da 00FF, sai rikicin ya dawo. In na mayar da ƙidayar 0010 da 0011 babu matsala. Na kuma rubuta gwajin RAM, ina zuba 55 in karanta, in zuba AA in karanta a kowane gurbi, duka sun wuce lafiya. Wani abin mamaki, in na kai hannu kusa da RAM ɗin wani lokaci halinsa na canzawa.

Gwani_8bit:
Hannu kuma? Wannan sai a nemo mai ruƙiyya.

BabaRadiyo:
Ba aljani ba ne, ƙafa ce ke lilo. Duk ƙafar shiga ta IC irin CMOS, kamar waɗannan naka, da ba a ɗaure ta da komai ba, jikinka ma ya isa ya juya ta. Duba na 65C02 tukuna: RDY a 2, IRQB a 4, NMIB a 6, BE a 36, SOB a 38, duka su tafi 5V, RDY ta hanyar rizista. Kuma da hunturun nan da iska ta bushe, ka riƙa taɓa ƙarfe kafin ka taɓa allon, musamman in kan darduma ko kafet kake aiki.

Injiniya_Ummi:
Baba ya yi gaskiya a kan lilo, amma ina jin ba a kan 65C02 take ba. Dubi lambobin da ya kawo: 00FE da 00FF ne ke kashe shi, sitak ɗinsa kuma yana 01FE da 01FF. Bambancinsu bit ɗaya ne, na takwas. In RAM ba ta ganin A8, to a wurinta 00FF da 01FF gurbi ɗaya ne, ƙidayarka tana taka adireshin komawa.

Gwajin 55 da AA ba ya kama irin wannan. Kana rubutawa ka karanta nan take a wuri guda, ko duk adireshin duniya gurbi ɗaya suke nunawa zai ce maka lafiya. Layukan bayanai kawai yake gwadawa. Yi wannan, ba tare da JSR ko sitak ba:

LDA #$11
STA $0000
LDA #$22
STA $0100
LDA $0000
STA $6000

In fitilu suka nuna 11, A8 lafiya. In 22 suka nuna, ka kama ɓarawo. Haka za ka yi wa sauran: 0001, 0002, 0004, 0008, har 1000, kowanne layi ɗaya yake gwadawa.

Na_Maradi:
Ko dai ya musanya A8 da A9 ne? Ƙafafun wannan gefen a hargitse suke, 21 A10 ce, 23 A11, 24 A9, 25 A8, 26 A13. Ni sun taɓa rikita ni.

Injiniya_Ummi:
A RAM musanya ba ta komai, Malam. In ka juya A8 da A9, bayit zai zauna a wani gurbi daban a cikin IC, amma da ka zo karantawa ta wannan juyayyiyar hanyar za ka bi, ka same shi. Haka ma layukan bayanai. Masu zana allon dindindin da gangan suke musanya su don hanyoyi su yi sauƙi. A ROM ne abin ke zama bala'i, tunda na'urar da ta rubuta ta da tsari daidai ta rubuta. Abin da RAM ba ta yafewa shi ne layi ya yanke, ko biyu su haɗe, ko ɗaya ya manne a sama ko ƙasa.

Wani abu da ke da amfani a sani: in RAM ba ta amsawa kwata-kwata, LDA $0200 yakan dawo da 02, LDA $0300 ya dawo da 03. Abin da ya rage a kan wayoyin ne daga bayit na ƙarshe da aka karanto daga ROM. Duk wanda ya ga haka ya duba CE da OE, kada ya ɓata lokaci a kan adireshi.

ƊanSamaru:
Na gwada. Yawanci 22 yake nunawa, jefi-jefi 11. Sauran layukan duka lafiya. Amma na auna da mita daga ƙafa ta 17 ta 65C02 zuwa layi na 25 na RAM, tana ƙara, wayar ba ta yanke ba.

BabaRadiyo:
A ina ka ɗora tsinken, a ramin allo ko a kafaɗar IC? Ramin ba shi ne IC ba. Kashe wuta, ɗora a kan ƙarfen da ya fito daga jikin baƙin robar.

ƊanSamaru:
Baba shiru, babu ƙara! Na zare ta a hankali da ƙaramin sukudireba ta gefe biyu. Ƙafa ta 25 ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashin cikinta, kwance take a kan robar allon, ba ta shiga rami ba sam. Daga sama ba a gani, kafaɗar tana nan daidai da sauran. Na miƙe ta da hantsaki na mayar, yanzu 11 yake ba ni kowane lokaci, ƙidayar 00FE ma tana tafiya.

MaiWaya_Kano:
To RAM ɗin bola ta fita kunya. Na janye.

BabaRadiyo:
Madalla. Ƙafar da aka lanƙwasa aka miƙe ba ta jure a sake, in ka ƙara cire ta sau ɗaya ko biyu za ta karye. Bar ta a inda take. Nan gaba kafin ka dasa IC mai faɗi, kwantar da gefenta a kan tebur ka ɗan danna ƙafafun su miƙe tsaye, don a buɗe suke zuwa.

Wannan 74LS138 ɗin kuma ban so shi ba. LS in ya ce sama, wajen 3.4V yake bayarwa, W65C02S da danginta na CMOS kuwa sun fi son abin da ya kai kashi 70 cikin ɗari na wutar, wato 3.5V. RAM ba ta damu ba, daga 2.2V ta yarda. VIA ɗinka ce nake ji wa. Yau yana aiki, gobe in zafi ya sauya ya ƙi. In ka samu 74HC138 ka canza, ƙafafunsu ɗaya ne.

Na_Maradi:
Tunda ana maganar tsofaffin kaya, ina da wasu siraran IC masu ƙafa 28 da na ciro daga allon kwamfuta 486, an rubuta 61256 da -15. Za su yi a madadin 62256?

Injiniya_Ummi:
Za su yi, 32K ne su ma kuma jerin ƙafafun iri ɗaya ne, sirantarsu ma tana bar maka ramuka a allo. Amma nanosakan 15 ne, saurinsu ya sa ɗan ƙaramin tsalle a WE da mai 70 za ta yi biris da shi, su sai su ɗauke shi rubutu. Sun kuma fi cin wuta, za ka ji suna ɗumi. Kada ka gwada su ba tare da haɗin PHI2 ɗin nan da 104 a jikinsu ba.

Abin da za ka kiyaye shi ne 27C256, mai tagar gilashi. Ta yi kama da 28C256 amma A14 ɗinta a ƙafa ta 27 take, ta 1 kuma ta wutar rubutu ce.

ƊanSamaru:
Na gode ƙwarai Baba, Anti, da kowa. HC138 sai an shiga Kano ko in sa a taho mini da ita daga Legas. Kafin nan ina so in faɗaɗa RAM ta kai 16K, tunda yanzu 8K kawai nake mora cikin 32K. In na haɗa Y0 da Y1 da ƙofar da ta rage a 74HC00, abin da zai fito a juye yake, ko? Ke nan sai na ƙara wata IC?

Injiniya_Ummi:
E, a juye zai fito, kana buƙatar ƙofa biyu, ɗaya gare ka. Ko ka samo 74HC08 ka yi da ƙofa ɗaya, amma jira HC138 ta iso tukuna, kada LS ya tura HC. Kafin ka taɓa komai ka duba inda ka kai ƙafa ta 26, in a ƙasa ka ɗaure ta dole ta koma A13, in ba haka ba 0000 da 2000 za su zama gurbi ɗaya. Turo hoton allon daga sama, da haske mai kyau, mu ga wayoyin.